Ƙarfen Da Ya Rufa Wa Baba Asiri

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga wanta, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka. Yaya aiki, yaya zaman daji? Mu nan lafiya lau. Umma ta warke daga murar da ta yi, sai ɗan tari da safe. Ta ce a tambaye ka ko kana cin abinci, ko har yanzu shayi ne da hayaƙin walda. Makaranta lafiya, jarrabawa ta kusa.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa daga gare ni. Waya ɗaya ce a gidan nan, kuma a aljihun Baba take zama. In ka samu sabis ka kira, a tsakar gida ake ɗaga ta, kowa yana ji, ni kuma ka san halina, daga ina wuni sai lafiya lau bakina ya mutu. Matar direban da ke kai muku kayan abinci can wurin shimfiɗa bututu ta ce in na rubuta, mijinta zai tafi maka da ita. Shi ya sa na rubuta.

Yaya, maganar mashin ɗin Baba ce. Tun da ka tafi ni nake wanke shi ranar da ba makaranta. Ka tuna ƙarfen kariyar da ka yi masa walda kafin ka tafi, wanda ya fito gefe da gefe a gaban ƙafafunsa, wanda Baba yake kira ƙahon sa, wai kamar na bijimi? Kwanakin baya ina goge shi sai na ga ya kurje. Da na sake wankewa sai na tarar an shafe kurjin da baƙin fenti. Gwangwanin fentin yana bayan tsohuwar taya a ɗakin ajiya, da ɗan tsumma a kansa.

Ban ɗauke shi komai ba sai ranar da abin ya faru ina kai. Baba ya gama raba burodi a shaguna, ya dawo ya ɗauke ni kamar kullum. Muka iso ƙofar makaranta, ya tsaya cak. Ba gudu, ba rami, ba wanda ya taɓa mu. Kawai sai na ji mashin yana kwanciya a hankali kamar mai jin barci, muka tafi ƙasa. Ƙarfenka ne ya dafa ƙasa, mashin bai kai ga ƙafar kowa ba. Ɗalibai suka yi dariya, maigadi ya zo ya ɗaga mu. Baba ma dariya ya yi, ya karkaɗe wandonsa ya ce yashi ne. Yaya, siminti ne a ƙofar makarantarmu.

Ya ce kada in faɗa wa Umma, don za ta ɗaga hankalinta a banza. Ban faɗa ba. Amma ina so in tambaye ka, kai da ka san mashin, ko haka yake yi, ya faɗi yana tsaye? Ka yi haƙuri in tambayar ta yarinta ce.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta.

Zuwa ga Autar Umma,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo, na karanta ta a gindin janareta, har abokan aiki suna cewa budurwa ce ta rubuto. Na ce a'a, malamar gidanmu ce, wadda in baƙo ya yi sallama take shigewa bayan ƙofa. Ashe bakin yana cikin biro! Ina lafiya, sai sauro da zafin rana. Ki gaishe da Umma, ki ce mata ina cin abinci har da ƙari.

Wallahi kin faranta mini rai. To ai aikinsa ke nan! Kin manta rigimar da muka sha da Baba ranar da na ɗaura shi? Ya ce na mayar masa da mashin bijimi, ya yi faɗi, ya yi nauyi, ba zai iya kurɗawa tsakanin motoci ba, har ya ce zai ƙara shan mai. Yau ga shi ƙahon sa ya tare masa ƙafa, ya tare taki, ya tare inji. Da babu shi, da yanzu maganar karaya muke yi. Ni ban yi shi da ƙarfen gado ba, bututu mai kauri na yanka, na lanƙwasa shi da hannuna. Kurji kuwa ai ado ne a wurinsa. Ƙarfen kariyar da bai kurje ba bai ci abincinsa ba.

Faɗuwa a tsaye kuma, kowa yana yi. Ni ma na taɓa yi a gaban 'yan mata, har yau ban manta ba. Akwatin burodi a baya, ke a tsakiya, ga tsufa, dole wata rana ƙafa ta zame.

Abin da za ki yi mini shi ne wannan. A akwatin kayan aikina akwai sifana mai jan tef a wutsiya. Notuna huɗu ne suke riƙe da ƙarfen, biyu a sama ƙarƙashin tanki, biyu a ƙasa wajen inji. Duk ranar da kika wanke mashin ki gwada su. In kin juya dama kin ɗaure, hagu kwancewa ne. Ki kuma duba ko ya fara lanƙwasowa ciki, don illarsa ke nan: in ya sha faɗuwa ya matso, wata rana maimakon ya tare ƙafa sai ya danne ta. Kuma ki sani, a ƙaramar faɗuwa yake da amfani. In ana gudu, ko mota ta bugo, ba ruwansa, wani lokacin ma shi yake maƙale wani abu ya wuntsila mutum. Amma Baba ba mai gudu ba ne, keke ma wuce shi yake yi.

Ki bar Umma da wannan zance, kin san ta da tsoro. Ki riƙe karatu.

Yayanki.

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, Allah ya sawwaƙe sauron. Umma lafiya, ta ji daɗin saƙonka. Na sami sifanar, na gwada notunan, duk a ɗaure suke.

Yaya, ka yi haƙuri, ba ka gane ni ba, kuma laifina ne da na yi ta kewaye-kewaye. Ba yabon ƙarfenka na rubuto ba. Tsoro ne ya sa na rubuto.

Ka ce in duba shi, na duba. Gefen dama yana nan da fentinsa na ranar farko, ko ƙwarzane babu. Duk kurjin a hagu yake. Fenti a kan fenti, har ya yi tudu kamar ɓawon gyambo. Kai ka koya mini cewa in mai mashin ya tsaya, ƙafar dama tana kan birki, ta hagu ce take sauka ta riƙe nauyi. To ƙafar Baba ta hagu ba ta riƙewa.

Tun da na lura ban daina lura ba. Takalminsa na hagu yana zamewa a tsakar gida, ya yi taku biyu uku bai san babu shi ba. In zai canza giya sai ka ji mashin yana kuka kamar ana yanka shi. Ya koma riƙe kofin shayi da hannu biyu. In ya yi sujada, sai ya dafa bango kafin ya miƙe, ya waiga ya ga ko akwai mai kallo. Ni kuwa sai in sunkuyar da kai in yi kamar ina karatu.

Shekaranjiya a mahaɗar titin nan mai fitilar danja, ja ta tsayar da mu, akwai tifa cike da yashi a bayanmu. Baba ya sauke ƙafa, ƙafa ta ƙi. Muka kwanta a tsakiyar titi daidai lokacin da fitila ta ba da hannu. Yaya, na ga tayar motar nan kusa da fuskata, har zanen jikinta na gani da ɗan dutsen da ya maƙale a ciki. Direban ya taka birki yana salati. Mutane suka taru suka ɗaga mashin, suka dudduba mu, ko ƙujewa babu. Wani dattijo ya bubbuga ƙarfen ya ce, "Allah ya yi wa wanda ya yi waldar nan albarka." Kowa ya ce amin. Baba ya ce, "Ɗana ne," yana murmushi. Muka hau muka tafi.

Ranar na kasa shiru, na faɗa wa Umma a ɗakin girki. Da Baba ya shigo ta tare shi. Ka san abin da ya yi? Ya naɗe wandonsa har gwiwa, ya miƙa hannuwa ya ce, "To likita, duba. Ina ciwon? Mutumin da ya faɗi a gaban tifa haka yake dawowa gida?" Umma ta duba, fata sumul. Ta juyo ta ce, "Ke ma Auta da ƙarin gishiri." Baba ya kalle ni kallo ɗaya ya ce, "Ashe 'yar rahoto nake goyawa a baya." Na shiga ɗaki, abinci ma ban ci ba.

Da ya dawo da jini ko sau ɗaya, da tuni Umma ta ja shi asibiti da kuka. Amma burodi ba ya fashewa, ƙarfe kuma ba ya magana. Ƙarfenka yana karɓar dukan, Baba yana shafe shaidar da fenti, kowa yana cewa an gode Allah. Ban ce ka yi mugun aiki ba, Yaya. Aikin ne ya yi kyau har ya zama shi yake yi wa Baba ƙarya.

Don Allah, don darajar Umma, ka zo. In ba za ka iya ba, ka kira shi ka ce ya ajiye mashin ya je a duba shi. Kai namiji ne, kai babba ne, zai ji taka. Ni in na buɗe baki a gabansa muryata take gudu ta bar ni.

Ina jiran amsarka da motar da za ta dawo.
Ƙanwarka, Auta.

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Motar ta dawo ban ga takardarka ba. Na je gidan direban har sau biyu, matarsa ta ce ita ba ta san komai ba, an canza masa hanya. Na tsaya a ƙofarta har ta tambaye ni ko ruwa nake so.

In maganar da na yi a kan ƙarfenka ce ta ɓata maka rai, na tuba, ka yafe mini. Na san da hannunka ka lanƙwasa shi, na san don Baba ka yi. Ka yi fushi da ni daga baya, yanzu ba lokacinsa ba ne.

Mu dai muna nan. Umma lafiya. Baba kuwa yanzu in zai hau mashin, sai ya faki ido ya sa hannu ya gyara zaman ƙafar a kan matakin. Na ce masa zan riƙa tafiya makaranta a ƙasa, wai don mu riƙa bita da ƙawayena a hanya. Ya ce, "Jarrabawa a gaba ki ce za ki taka? Ina raye? Hau mu tafi." Sai in hau. Ina riƙe da jakata ina karanta duk addu'ar da na sani, musamman in na hango fitilar danja. A aji malamin lissafi ya kira ni allo, na tsaya da alli a hannu ina ganin tayar motar nan.

Abin da ka ce in duba ya faru. Gefen hagu ya lanƙwaso ciki. Da can tafin hannuna yana shiga tsakaninsa da ƙaurin Baba, yanzu yatsu biyu da ƙyar. Baba ma ya gani. Na ji yana cewa zai kai wa maigidanka mai walda ya miƙar da shi, ya ƙara masa kauri.

Na riga shi zuwa. Yaya, ni da ban taɓa shiga garejin nan ni kaɗai ba. Na tarar da shi yana haɗa ƙofar wani gida, ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce, "A'a, ƙanwar yarona! Ko aure ya zo, gado za a haɗa?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ƙyar na faɗa masa halin da Baba yake ciki. Ya daina dariya, ya kashe injin. Ya ce, "'Yata, ni ma na ga tafiyarsa ta canza. Amma tare muka tashi da ubanki, in na ce masa ya tsufa da mashin, gaisuwa ma sai ta gagare mu. Kuma in ya kawo ƙarfen nan ba zan ƙi gyarawa ba, don in na ƙi, ranar da ya danne masa ƙafa ni ne sila." Na ce, to in an gyara fa? Ya ce, "In an gyara zai ci gaba da faɗuwa lafiya, har ranar da zai faɗi a inda ba a tashi. Ƙarfe ƙafa yake tarewa, ba ya tare mota." Ya mayar da gilashinsa. Na fito ina kuka a titi, mutane suna kallona.

Gaba kura, baya sayaki. In ƙarfen yana nan, Baba ba zai daina hawa ba. In babu shi, faɗuwa ɗaya za ta karya shi. Yaya, Allah ya yafe mini, na zauna ina auna ƙafar Baba da ran Baba kamar mai auna kaya a kasuwa. Wace irin 'ya ce take wannan tunani? Amma karaya ana ɗaure ta. Abin da na gani a ƙarƙashin tifar nan ba a ɗaure shi.

Ka ce hagu kwancewa ne. Ban manta ba. In motar nan ta sake dawowa ba amsarka, zan kwance notunan nan huɗu. Ka hana ni in kana da wata dabara. Don Allah ka hana ni.

Ƙanwarka, Auta.

Auta,

Salamu alaikum. Ina lafiya, ba fushi nake ba, wallahi ba fushi. Ruwa ya cinye hanyar sansaninmu, aka mayar da mu wani wuri, takardunki biyu yau suka zo hannuna tare. Na karanta su a tsaye, na kasa zama.

Kada ki kwance shi. Kin ji ni? Kada ki taɓa notunan nan. Ke ba ki san nauyin mashin ba in ya kwanto da kaya a baya. Ƙashin tsoho ba ya haɗuwa kamar na yaro, kuma inji in ya yi zafi fata yake ɗauka. Ki ɓoye makulli, ki sace iskar taya, ki kwanta a ƙofar gida ki ce ba ki da lafiya, ki yi komai ban da wannan.

Innalillahi. Ke kina gaya mini gida ya kama wuta, ni ina yabon ashana. Faɗuwa a kan siminti, a tsaye, ga mutumin da ya fi shekarunki yana tuƙi, ni kuma ina ba ki labarin kaurin bututu. Na hau kan tankin ruwa inda ake samun sabis na kira Baba. Na ce ya ajiye mashin ya je asibiti. Ya ce, "Kai ma 'yar rahoton ta kai maka? Ka yi aikinka, ƙahon sanka yana nan yana aiki." Ya kashe wayar. Kin ga, ni ma da ƙarfena ya rufe mini baki.

Na nemi izini wurin shugaban aiki, ya ce sai mun haɗa bututun da ke tsallaka rafi, don ni kaɗai ne mai waldar ciki. Ina gamawa zan hau duk motar da na samu, ko ta shanu ce. Ki riƙe shi har in zo. Ki daina hawa bayansa ko zai yi faɗa.

Ki yafe wa Yayanki.

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Na gode Allah da kana lafiya, na kuma gode da ba fushi kake ba. Takardarka ta zo, amma ta tarar da aikin gama ya gama. Kada gabanka ya faɗi, Baba yana raye, ƙafarsa ba ta karye ba. A bencin asibiti nake rubuta maka wannan. Bari in faɗa maka yadda aka yi tun daga farko.

Motar ta dawo ba amsa. Washegari ba makaranta, Baba ya dawo daga rabon burodi ya kwanta bayan azahar, ya ce da la'asar zai kai mashin wurin mai walda. Na ɗauko sifana. Uku sun kwance da sauƙi, na ƙasan hagu ya cije saboda lanƙwasar, sai da na taka sifanar da ƙafa. Ƙarfen ya faɗo a hannuna, ashe haka yake da nauyi.

Na yi niyyar ɓoye shi a ɗakin ajiya, sai na ga in na ɓoye na zama irin Baba da gwangwanin fentinsa. Na kawo shi tsakar gida, na ɗauko tsohuwar wuƙa na kankare fentin gefen hagu duka. Yaya, kurjin da ke ƙasa ya fi abin da nake zato. Wani a kan wani, wani ya yi tsatsa, wani sabo fil yana ƙyalli, har ƙarfen ya shafe ya yi faɗi kamar an goga shi a dutse. Umma ta fito da tsintsiya ta tsaya a kaina. Ta shafa wurin da yatsa, ta ajiye tsintsiyar ta zauna a bakin ƙofa.

Baba ya fito yana gyara hula. Ya kalli mashin tsirara, ya kalli ƙarfen, ya kalle ni.

Ya ce, "Wa ya sa ki?"

Na ce, "Ba kowa, Baba."

"Mayar da shi."

Muryata ta so ta gudu kamar kullum. Na kalli ƙasa na ce, "Ba zan mayar ba, Baba. Ka yi haƙuri."

Umma ta ce, "Malam, wannan duk faɗuwa ce?"

Ya ce, "Ke ma kin shiga makarantar tata? Mashin ai jingina shi ake yi da bango, dole ya kurje. Kafin a haifi mai waldar nake hawa mashin ba ƙaho, yau ma zan hau. Ku ba ni hanya."

Ya je ya hau. Na san dabarar makulli, Yaya, na yi tunaninta tun kafin ka faɗa, amma da ya ɗauko na ajiya a aljihun rigarsa. Ban san lokacin da na tashi ba. Na je na tsaya a gefen hagunsa, na matsa har gwiwata tana taɓa inji, daidai inda ƙarfen yake zama.

Ya ce, "Matsa."

Na ce, "Na cire ƙarfe, ni zan tsaya a wurinsa."

Ya ce, "Auta, zan saɓa miki."

Na ce, "To, Baba." Ban matsa ba.

Ina jin ya so ya nuna mana ne kawai. Ya miƙar da mashin, ya ture abin kafe shi, ya ɗaga ƙafar dama zai taka kik ya tayar da inji. Ka san dole nauyi ya koma hagu. Na ga ƙafar tana rawa a cikin wando, na ga ya cije leɓe, na ga ta lanƙwashe kamar ɗanyen kara. Mashin ya taho. Na tare shi da ƙirji da hannu biyu, ya fi ƙarfina, ya kai ni ƙasa ya kwanta a ƙaurina. Umma ta yi ihu ta kama kan mashin, mai shagon da ke jikin gidanmu ya faɗo da gudu ya ɗaga.

Baba bai ji ciwo ba, a kaina ya faɗo. Ni ce fatar ƙaurina ta yage, jini ya ɓata mini zane. Baba yana zaune a ƙasa yana kallon jinin nan. Ya miƙo hannun hagu zai taɓa, hannun yana karkarwa, sai ya riƙe shi da na dama. Umma tana kuka tana cewa, "Ga ciwon, Malam. Ka ce a nuna maka ciwo, ga shi nan a jikin 'yarka."

Can Baba ya ce wa mai shago, "Samo mana mota, a kai yarinyar nan asibiti." Umma ta ce, "A kai ku dai." Bai musa ba.

Ni an wanke mini an ɗinke, ba karaya, ina takawa. Shi kuwa da suka auna jininsa, ma'aikaciyar ta sake aunawa, ta fita da sauri ta kira likita. Likita ya ce hawan jini ne ya daɗe yana cinsa, har shanyewar ɓarin jiki ta fara taɓa shi kaɗan-kaɗan. Ya ce irin wannan gargaɗi ne, babbar tana iya zuwa kowane lokaci, kuma da a kan titi ta same shi, sai dai wani labarin. Ya tambaya me ya sa ba a kawo shi tuntuni ba, bai taɓa faɗuwa ba ne? An ba shi gado.

Ka ce kada in kwance, kuma ka yi gaskiya, don yanzu na san nauyin mashin. Ban sani ba ko daidai na yi. Baba ba ya yi mini magana. In na kawo masa ruwa sai ya karɓa ya juya fuska bango. Umma ta ce kunya ce ba ƙiyayya ba, amma ni ina jinta a ƙirji kamar ƙiyayya. Ka zo, Yaya. Yanzu ba don ka hana komai ba, don kawai ka zo.

Ƙanwarka, Auta.

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Da fatan ka koma wurin aiki lafiya, kuma shugabanku bai yi faɗan daɗewar da ka yi ba. Gidan ya yi shiru tun da ka tafi. Umma tana gaishe ka, ta ce ka manta tawul ɗinka a kan igiya. An cire mini zare, tabon dai yana nan. Na rubuta jarrabawa, lissafi ya ba ni wuya, sauran da sauƙi. A ƙasa nake zuwa makaranta, maigadi har ya saba da makarata, yana cewa ga ta mai ƙahon sa.

Baba yana shan magani, Umma ta hana shi gishiri, kullum sai sun yi rigima a kan miya. Ɗan mai shago ne yake rabon burodin da mashin ɗinmu kafin ka yanke abin da za a yi. Ya tambaya ko za a sa masa sabon ƙarfe. Na ce a sa, amma duk ranar da ya faɗi ya faɗa da bakinsa. Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Tsohon ƙarfen da ka miƙar ka kafa a bango, daga ƙofar ɗakin Baba zuwa bakin famfo, yana aiki. Da farko Baba ya ƙi taɓa shi, ka gani da idonka. Yanzu kullum da safe sai ya kama shi ya je ya dawo, yana jan ƙafar, yana ƙirga wa kansa a hankali. Wajen da ya kurje ɗin nan daidai nan hannunsa yake sauka. Umma ta ɗauko gwangwanin fentin ta ce bari a shafe, ya yi muni a tsakar gida. Ya ce, "Bar shi haka."

Jiya ina shanya na ji yana jijjiga shi. Ban juya ba, don har yanzu daga sannu sai yauwa muke yi. Sai na ji ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Ke 'yar rahoto."

Na ce, "Na'am, Baba."

Ya ce, "Notin nan na tsakiya ya saki. Tunda ke kika iya kwancewa, ɗauko sifanarki ki ɗaure."

Na ɗauko. Ina juyawa dama, shi yana riƙe da ƙarfen da hannu ɗaya don kada ya motsa. Ɗaya hannun, na hagun, ya ɗora shi a kaina. Yana rawa, amma bai ɗauke ba har na gama.

Ka kula da kanka, ka riƙa cin abinci.
Ƙanwarka, Auta.